Baƙo a Bakin Rijiya: Matsayin Aro a Ƙagaggun Labaran Alhaji Abubakar Imam

Abin da ya jawo wannan takarda wata tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mana a cikin aji a nan ƙasar Daura. Muna cikin karanta labarin Kalala da Kalalatu na Magana Jari Ce, sai ya ɗaga hannu ya ce shi ya taɓa karanta wannan labari da Turanci a cikin tatsuniyoyin Jamusawa, to, ashe ke nan Abubakar Imam ɗauko shi ya yi? In kuwa ɗauko shi ya yi, don me ake kiransa uban ƙagaggun labaran Hausa? A ranar dai mun ba shi amsar da malami kan bayar in an rutsa shi, wato muka ce za mu koma kan maganar. Manufarmu a nan ita ce mu biya wannan bashi, kuma za mu yi amfani da labarin kafuwar Daura a matsayin ma'auni, domin a ganinmu babu garin da ya kai Daura sanin yadda baƙo yake zama ɗan gari.

Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, a gidan malanta da alƙalanci, saboda haka da karatun allo da littattafan Larabci ya buɗe ido. Ya shiga Kwalejin Katsina, ya fita da shaidar malanta a 1932, ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malaman da za su ƙaga labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. A lokacin Imam bai wuce shekara 22 ba. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu, abin da ya fito a matsayin Magana Jari Ce, littafi uku. A watan Janairu na 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan siyasa da aikin hukuma suka cinye yawancin lokacinsa, har Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

Abin lura a nan shi ne, ƙagaggun labaransa da suka ba shi suna duk ya rubuta su ne kafin ya cika shekara 30, a cikin shekaru kamar huɗu, kuma duk a ƙarƙashin hukumar da ke neman abin da yara za su karanta a makaranta. Duk wanda zai yanke masa hukunci, ya kamata ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Abin da aka aro

Ba za mu ɓata lokacin taro wajen musun abin da ya tabbata ba. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi diddigin labaran nan, sun nuna inda da yawa daga cikinsu suka fito. Ƙashin bayan Ruwan Bagaja, wato ciwo a gidan sarauta wanda ba ya jin magani sai wani ruwa da ke can ƙarshen duniya, yana da ɗan'uwa a cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka tattara. Yawan haɗuwar Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a gari bayan gari, kowane lokaci cikin sabuwar kama, ya yi daidai da tsarin Maƙamatul Hariri, littafin da malamin Basra ya rubuta kafin rasuwarsa a 1122, wanda malaman zaure na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa. Aku mai hana mutum fita da dare ta hanyar ba shi labari kuwa, asalinsa daga Indiya yake, a wani tsohon littafi na labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka juya zuwa harshensu da sunan Tuti Nama. Sauran labaran cikin Magana Jari Ce akwai na Alfu Laila, akwai na Grimm, akwai na wasu littattafan Turai da na Larabawa. Ɗalibinmu bai yi ƙarya ba.

Sai dai kuma sunan littafin farko na gida ne. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya ji tatsuniyar 'yar bora da aka tura wanki a ruwan Bagaja don a halaka ta, ta dawo da arziki. Wannan suna ya riga ya zauna a kunnen Bahaushe da ma'anar abin da samunsa ke da wuya ƙwarai, kuma Imam ya san abin da yake yi da ya ɗora shi a kan bangon littafinsa. Mai karatu na 1934 ya buɗe littafin yana jin kamar ya san hanyar.

Ma'aunin Daura

Yanzu bari mu juyo gida. Labarin da ake bayarwa a Daura ya ce Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya auri 'yar Mai, ya gudo yamma ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya je ya kashe macijin, ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Masana tarihi sun yi ta ja-in-ja a kan wannan labari. Wasu sun danganta sunan da Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Afirka ta Arewa aka kashe shi a 947, wasu kuma, kamar Abdullahi Smith, sun ƙi yarda a ɗauke shi a matsayin asalin Hausawa. Wannan ba shi ne ya dame mu a yau ba. Abin da ya dame mu shi ne siffar labarin.

Baƙon da ya kashe maciji a bakin ruwa ya auri 'yar sarauta, ba a Daura kaɗai ake ba da labarinsa ba. Mutanen Soninke suna da nasu macijin, Bida na Wagadu, kuma irin wannan jigo yana nan a tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa. Duk da haka ba mu taɓa jin wani mutumin Daura ya ce labarin Bayajida na aro ne ba, kuma yana da hujja. Rijiyar tana nan a cikin gari, ana zuwa ana shan ruwanta. Galadima da Kaura da aka ce Sarauniya ta tura su dubo macijin, sarautunsu suna nan a fada. Ana tuna al'amarin a Sallar Gani. Wato labarin ya sami rijiya, ya sami unguwa, ya sami sarautu, ya sami ranar biki, ya auri gari kamar yadda tauraronsa ya auri Sarauniya. Saboda haka ma'aunin da muke ɗauka daga Daura shi ne: in labari ya zo daga waje, a tambaya me ya aura a gida, kuma me ya haifa.

Mu ɗora Magana Jari Ce a kan wannan ma'auni. A littafin Indiya da na Farisa, wanda aku ke tsarewa matar aure ce, mijinta ya yi tafiya, tana son ta fita wurin kwartonta, aku yana riƙe ta da labari har gari ya waye. Labarin ɗaki ne, kuma abin da ake tsoro shi ne zubewar mutuncin mai gida. Imam ya ɗauke wannan tsari daga ɗaki ya kai shi fada. Wanda ake tsarewa ya zama Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wanda ke ɗokin ya bi sahun mayaƙa, alhali mugun Waziri yana jiran ya fito daga gida ya halaka shi don ya gaje gadon sarauta. Da wannan canji guda ɗaya ma'anar littafin duka ta juya. Abin da ke cikin haɗari ya zama gadon mulki, kuma abin da ya tsare shi bai zama takobi ko laya ba, magana ce daga bakin tsuntsun da aka saya da kuɗi. Daga ƙarshe aku ya zama Waziri. Duk wanda ya san fadar Hausa, inda bafade mai iya magana kan kashe wutar da mayaƙa ɗari ba su iya kashewa, ya san cewa wannan ba tunanin Indiya ba ne. Kuma a kan wannan Imam ya gina littafi na biyu, inda Waziri Aku ya yi gasar labari da akun wata ƙasa mai suna Haziƙ, da na uku, inda yake koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Baƙon ya haifi ɗa, har ya sa shi a makaranta.

(Bari mu ɗan ratse. Yaran Daura da suka fara karanta littafin nan a ƙarshen shekarun 1930 sun karanta labarin Sarki Abdurrahman mai ɗa Musa a zamanin da Sarkinsu na gaske shi ne Abdurrahman ɗan Musa, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Dacewa ce kawai, amma tana nuna yadda sunayen littafin suka yi kusa da kunnen masu karatunsa.)

Haka abin yake ga Ruwan Bagaja in an gwada shi da Maƙama. A wurin Hariri, mai ba da labari, Harisu ɗan Hammamu, ɗan kallo ne. Yakan tarar da Abu Zaidi yana yaudarar jama'a da fasaha, ya gane shi, ya yi masa faɗa, su rabu. Dabara ta mutum ɗaya ce, ɗayan kuwa shaida ne. A wurin Imam kuwa, Alhaji da Zurƙe duka biyu 'yan duniya ne, wannan ya yi wa wancan yau, wancan ya rama gobe, ba wanda ya fi wani tsarki. Wannan ramuwar gayya ta fi kama da ta Gizo da abokan karonsa, ko ta abokan wasa, irin wadda ke tsakanin taubasai, inda cuta ba ta kashe zumunci. Sa'an nan Hariri ya rubuta littafinsa ne da Larabci mai wuya da ƙafiya, har ya zama ana karanta shi don koyon lugga. Imam ya yi akasin haka, ya rubuta da Hausar da ake yi a bakin kasuwa da zauren mai unguwa, mai gajerun jimloli da karin magana da ba'a. East ya rubuta a wata maƙala ta 1936 cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa labarin da ba na gaskiya ba ya cancanci tawada da takarda, domin a wurinsu tatsuniya ta mata da yara ce. Imam, ɗan malamai, shi ya fi kowa cikin su biyar sakin jiki da wannan sabon abu.

Labarin da ɗalibinmu ya kama kuwa, a wurin Grimm kuyanga ce mai dafa abinci ta cinye kajin da aka soya don baƙo, tana korawa da giya, sa'an nan ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidanta ke wasawa, ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mai da kuyanga matar gida. Canjin ƙarami ne a ido, amma ya taɓa abubuwa biyu masu nauyi ga Bahaushe, wato haƙƙin baƙo a kan mai masauki, da amanar da ke tsakanin miji da mata a kan tukunya. Dariyar da yaro Bahaushe ke yi a nan ta haɗu da kunya, domin ya san abin da ake nufi da a ce baƙo ya bar gidanka da gudu.

Ba Hausawa kaɗai ba

Yana da amfani mu tuna cewa duk al'ummar da ɗab'i da jarida suka zo mata tare da adabin wasu, ta bi ta wannan hanya. A Japan, Kuroiwa Ruiko, wanda shi ma editan jarida ne kamar Imam, ya ɗauki labarin Monte Kiristo na Bafaranshen nan Dumas ya sake zuba shi da Japananci a jaridarsa a 1901 zuwa 1902, ya sa wa mutanen ciki sunayen Japanawa. Yoshikawa Eiji, wanda labarinsa na Musashi ya riƙa fitowa kashi-kashi a jaridar Asahi daga 1935 zuwa 1939, wato daidai shekarun da ake rubuta Magana Jari Ce ana buga shi, da ya gama sai ya juya ga wani tsohon labarin ƙasar Sin na masarautu uku, ya sake rubuta shi don mutanensa daga 1939 zuwa 1943. Japanawa ba su rage masa daraja saboda haka ba. Sai dai akwai bambanci guda, kuma shi ne zai kai mu ga inda ma'auninmu ya gaza: mai karatun Yoshikawa ya san daga ina labarin ya fito tun daga sunan littafin.

Inda ma'aunin ya gaza

Labarin Bayajida ba shi da sunan kowa a bayansa. Na gari ne, kowace tsohuwa tana da ikon ta ƙara masa gishiri. Littafi kuwa yana da bango, a kan bangon akwai sunan mutum ɗaya, kuma wannan suna alkawari ne ga mai karatu. Yaran da suka karanta Magana Jari Ce a makarantun Daura da Katsina da Kano shekara da shekaru sun tashi suna zaton kowane labari a ciki daga kan Imam ya fito, ba kuwa wanda ya gaya musu akasin haka. A ganinmu wannan aibi ne, kuma bai kamata ƙaunar da muke yi wa littafin ta sa mu rufe ido a kansa ba. Amma rabon laifin yana bukatar adalci. Hukumar ce ta tara littattafan Larabci da na Turanci ta ajiye a gaban saurayi ɗan shekara 25 ta ce ya fitar mata da littafin karatu, kuma hukumar ce ke da ikon abin da za a buga a shafin farko. Wanda ya ba da kayan ɗinki ya fi kowa sanin inda aka sayo yadin.

Akwai wasu raunuka da ba su da dangantaka da aro. Ruwan Bagaja ya fi kama da carbi fiye da igiya: ana iya cire gari biyu ko uku daga tafiyar Alhaji ba tare da labarin ya ji ciwo ba, kuma sau da yawa mai karatu yakan manta da marar lafiyar da aka fita nema wa magani, domin marubucin kansa ya fi jin daɗin Zurƙe. Mata a cikin littattafan nan, in ba kaɗan ba, ko dai masu kwaɗayi ne, ko masu makirci, ko kyautar da ake ba jarumi a ƙarshe. Wannan abin mamaki ne ga mai karatu a garin da jerin sarakunansa ya fara da sarauniyoyi, kuma har yanzu ake martaba Magajiya. In aka gwada shi da Shaihu Umar, wanda ya dubi bauta da rabuwar uwa da ɗa ido da ido, za a ga Imam ya fi son ya ba da dariya fiye da ya taɓa inda ke da zafi. Mai yiwuwa aikin jarida ne ya karɓe wannan ɓangare nasa, domin a shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo ne ya yi maganganunsa masu nauyi a kan mulki da ilmi.

Wannan magana ta aro ta sake tasowa da ƙarfi a shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, aka yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, aka zargi marubutansu da kwaikwayon finafinan Indiya. Masu kare su suka ce, ai shi ma wanda kuke kafa hujja da shi daga Indiya ya ɗauko akunsa. A nan muna ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ba daidai ba ne a yafe wa Imam abin da ake jifan Ado Ahmad Gidan Dabino ko Balaraba Ramat Yakubu ko Bilkisu Funtuwa da tsararrakinsu da shi, musamman da yake mafi kyawun littattafansu daga cikin gidajen Hausawa suka ɗebo kishi da auren dole da sakin wawa. Haka kuma ba daidai ba ne a ce duk aro ɗaya ne. Akwai littattafan da aka canja wa mutanen ciki suna kawai, aka bar su suna soyayya a lambun da babu irinsa a ƙasar Hausa, kuma irin waɗannan ba su ci jarrabawar da akun Imam ya ci ba.

Abin da muke roƙon wannan taro ya duba shi ne yadda za a koyar da littattafan nan daga yanzu. Muna ba da shawara a sami bugu na Magana Jari Ce mai ɗauke da bayani a ƙarshen kowane labari, a faɗi inda aka san ya fito, a kuma nuna abin da Imam ya cire da abin da ya ƙara. Mun gwada wannan a ajinmu bayan waccan tambaya. Muka fassara labarin Grimm zuwa Hausa kalma da kalma, muka raba wa ɗalibai tare da na Kalala da Kalalatu, muka ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke cikin na biyu wanda babu shi a na farko. Wanda ya yi tambayar shi ya fi kowa yawan layi, kuma da muka karɓi takardarsa sai muka ga ya rubuta wata tambayar a gefe, yana son ya san ko akwai wanda ya taɓa yi wa Ganɗoki irin wannan aiki.